Nutso a Ruwan Sanyi: Tambayoyi da Amsoshi kan Riga, Darma da Daidaita Jiki a Cikin Ruwa

Yawancin masu turo mana waɗannan tambayoyi 'yan Kano ne da suka koyi nutso da tukunyar iska a ruwa mai ɗumi, a Bahar Maliya ko Malesiya, sai karatu ko aiki ya kai su Ingila, Turkiyya ko Afirka ta Kudu, suka tarar abin da suka iya ya ƙi yi musu aiki. Akwai kuma masu aikin ceto a nan gida, waɗanda ke shiga madatsun ruwa da kududdufai ko da tsakiyar hunturu ne. Shafin nan ba ya maye gurbin malami da horo a cikin ruwa. An rubuta shi ne don mutum ya je wurin malaminsa ya riga ya san dalilin kowane abu da za a sa shi ya yi.

Kalmomin da za mu riƙa amfani da su: falmaran ita ce rigar da ake hura wa iska, wadda aka fi sani da BCD. Ragileta ita ce na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya har ta zama ta shaƙa. Darma ita ce nauyin da ake ɗaurawa a jiki don a iya nutsewa. Jiƙaƙƙiyar riga ita ce ta robar niyofirin da ruwa ke shiga cikinta, busasshiyar riga kuwa ba ta barin ruwa ya taɓa jiki.

Malam, daga digiri nawa ake ce wa ruwa mai sanyi? Mu da muka saba da hunturu fa?

Amsa biyu ce, ɗaya ta na'ura, ɗaya ta jiki. A wajen na'ura, ƙa'idar Turai ta gwajin ragileta, EN 250, ta sa iyaka a digiri 10. Ƙasa da haka ruwan sanyi ne, kuma yana da kayansa daban. A wajen jiki kuwa, sanyi yana farawa tun kafin nan da nisa. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau ashirin zuwa ashirin da biyar. Asubahin Janairu a Kano, lokacin da iska ke sauka ƙasa da digiri 15, rigar sanyi da kofin shayi sun wadatar. Ruwa mai digiri 15 kuwa yana iya kashe wa mutum yatsu alhali iskar tukunyarsa ba ta kai rabi ba. Ko ruwan digiri 24 yana sa kyarma idan an daɗe a ciki, balle a nutso na biyu ko na uku a yini ɗaya.

Ga wuraren da mutanenmu ke zuwa: Bahar Maliya a lokacin sanyi tana sauka wajen digiri 21 zuwa 22. Gaɓar Atlantika ta Kef Tawun tana yawo tsakanin 10 da 14. Tsofaffin ramukan fasa dutse da ake koyon nutso a cikinsu a Ingila suna kaiwa 4 zuwa 6 a hunturunsu. Ƙasan tafki mai zurfi a ƙasashen sanyi yakan tsaya kusa da digiri 4 ko da rani ne, domin a wannan ma'aunin ruwan daɗi ya fi nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. Saboda haka kada a tambayi ɗumin saman ruwa. A tambayi na zurfin da za a je.

Wace riga ta dace da wane ruwa?

A matsayin mafari: sama da digiri 26, niyofirin mai kaurin milimita 3. Daga 21 zuwa 26, milimita 5. Daga 15 zuwa 20, milimita 7 haɗe da hula da safar hannu. Ƙasa da 15 mun fi son busasshiyar riga, ƙasa da 10 kuwa babu wani zaɓi sai ita. Siriri da wanda bai saba ba ya hau mataki ɗaya sama, babu abin kunya a ciki.

Kauri kaɗai ba ya ɗumama mutum. Jiƙaƙƙiyar riga tana aiki ne idan ta kama jiki tsam, ruwan da ya shiga ya tsaya ya ɗumama. In ta yi yawa a hammata ko gadon baya, duk motsi sabon ruwan sanyi ne ke wanke ta. Milimita 5 da ta zauna daidai ta fi milimita 7 mai burmi.

Ina tsayawa cak a Bahar Maliya, amma a ruwan sanyi na koma kamar sabon shiga. Me ya faru?

Ba iyawarka ce ta ɓace ba, iskar da kake ɗauke da ita ce ta ƙaru. Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta, don haka za mu ɗan daɗe a nan.

Da ma'aunin bar ake auna matsi, kuma a saman ruwa matsi bar 1 ne. Kowane mita 10 na ruwan teku yana ƙara bar 1. Iska kuma tana ƙanƙancewa daidai da ƙaruwar matsi: a mita 10 ta koma rabi, a mita 20 kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. Kowace lita ɗaya ta iska da ke jikinka tana ɗaga ka da ƙarfin kusan kilo ɗaya. To, niyofirin ba komai ba ce illa roba cike da ƙananan kumfan iska. Riga mai milimita 7 tana ɗaga mutum da kilo masu yawa a sama, dole a sa darma mai yawa kafin ya nutse. Da ya sauka, kumfan suka matse, rigar ta koma wajen rabin kaurinta ko ƙasa da haka a mita 30, ɗagawarta ta ragu, ɗuminta ma ya ragu, amma darmar tana nan da nauyinta. Sai ya hura falmaran don ya cike gurbin. Yanzu yana ɗauke da babban kumfa a bayansa. Da ya ɗan hau, kumfan falmaran ya buɗe, rigar ma ta kumbura, duka biyun suna tura shi sama a lokaci guda.

Ga lissafi da ke nuna illar darmar da ta wuce kima. A ce kilo 4 ne suka yi maka yawa. Kana buƙatar lita 4 ta iska a falmaran don ka soke su. Daga mita 10 ka hau zuwa mita 5, litar nan 4 ta zama 5 da ɗoriya, wato ƙarin ɗagawa fiye da kilo ɗaya a tazarar da ba ta wuce tsayin ɗaki da rabi ba. In ba ka saki ba, a saman ruwa lita 8 ce. Shi ya sa mita 10 na ƙarshe suka fi ko'ina haɗari: a nan ne kawai iska ke ninkawa biyu. Daga mita 30 zuwa 20 kashi ɗaya cikin uku kawai take ƙaruwa.

Wanda ake gani yana sama yana ƙasa kamar guga a rijiya, hannunsa kullum a kan maɓallin hura iska, a mafi yawan lokuta darma ce ta yi masa yawa. Kuma abin takaici, da ya koka cewa yana tasowa, sai wani ya ƙara masa wata.

To darma nawa zan ɗaura?

Ba wanda zai faɗa maka adadin daga nesa, amma akwai inda ake farawa. A ruwan teku da tukunyar alminiyam, milimita 3 tana son wajen kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiki. Milimita 7 da hula da safa tana son kashi 10 da ƙarin kilo 2 zuwa 3. Busasshiyar riga kashi 10 da ƙarin kilo 3 zuwa 5, ko fiye idan kayan ciki masu kauri ne. Mai kilo 70 da ya saba da kilo 3 ko 4 zai ga kansa da 10 zuwa 12. Wannan adadin shiga ruwan gwaji ne kawai, gwajin shi ne ke yanke hukunci.

Ka shiga ruwan da ya fi ƙarfin tsayuwarka da cikakkun kaya, ragileta a baki. Ka ja wuyan rigar ruwa ya shiga ya kori iskar da ta maƙale, ko ka buɗe bawul ɗin busasshiyar riga, wato ƙofar fitar iskarta, ka matse iskar cikinta. Ka sauke duk iskar falmaran, ƙafafu a miƙe ba motsi. Da numfashi na yau da kullum a ƙirji, ruwa ya tsaya maka a saitin ido. Da ka fitar da numfashin, ka fara sauka a hankali. In ka faɗa kamar dutse, cire kilo ɗaya ka sake. In tukunyar cike take lokacin gwajin, sai ka ƙara wajen kilo 2, domin iska ma tana da nauyi: tukunyar lita 12 a bar 200 tana ɗauke da lita 2,400 na iska, kusan kilo 3 ke nan, kuma daga 200 zuwa 50 za ka shaƙe fiye da kilo 2 daga ciki.

Gwaji na gaskiya yana ƙarshen nutso. Da bar 50 a tukunya, a mita 5, falmaran babu iska ko saura kaɗan, ka iya tsayawa minti 3 ba tare da kokawa ba. Wanda ya iya wannan darmarsa ta yi daidai. Ya rubuta adadin a littafinsa tare da irin riga, irin tukunya da irin ruwa.

Abu biyu ke sauya adadin. Ruwan teku ya fi ruwan daɗi nauyi da kashi 2.5 cikin ɗari, don haka mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100 zai rage kilo biyu da rabi in ya koma tafki. Sai tukunya: ta alminiyam mai lita 11 tana komawa mai tasowa da kusan kilo 2 idan ta kusa ƙarewa, ta ƙarfe kuwa ba ta yin haka sosai, shi ya sa ake son ta a ruwan sanyi, tana rage wa mutum darmar ƙugu.

Duk a ɗamara zan zuba ta?

A'a. Kilo 12 a ƙugu yana karya baya, yana jan ƙafafu ƙasa, mutum ya riƙa tafiya a karkace yana tayar da laka. A raba: wani kaso a aljihunan falmaran, wani a ɗamara, kilo ɗaya ko biyu a sama kusa da wuyan tukunya in ƙafafu na nutsewa. Lallai a bar kason da za a iya yarwa da hannu ɗaya sanye da safa mai kauri, kuma a gwada cire shi a tudu. Yar da darma aikin saman ruwa ne, don mutum ya zauna a sama. Yar da ita duka a zurfi yana harba mutum sama ba birki. A tuna kuma ɗamara tana sassautawa yayin sauka saboda rigar ta matse, sai a ƙara ɗaure ta a ƙasa.

Yaya busasshiyar riga take aiki?

Jaka ce mai siffar mutum. Tana da robar wuya da ta wuyan hannu masu hana ruwa shiga, da zif na musamman, da bawul biyu: na hurawa a ƙirji, haɗe da tiyo daga ragileta, da na saki a damtsen hagu. Iskar da ke cikin kayan da ka sa a ƙarƙashinta ita ce ke riƙe ɗumi. Yayin sauka iskar tana matsewa, rigar ta damƙe jiki har ta bar shaida a fata, ta hana hannu kaiwa ga bawul. Maganinsa danna ɗaya gajere kowane mita biyu ko uku, tun kafin matsin ya yi zafi. Yayin hawa, ka ɗaga kafaɗar hagu ta zama wuri mafi tsayi a jikinka, iskar za ta fita da kanta in bawul ɗin a buɗe yake. Sabon shiga ya bar shi a buɗe gaba ɗaya ko ya rufe shi da 'yan ƙyas kaɗan. Bawul ɗin riga ya fi na falmaran jinkirin saki, don haka ana fara saki tun kafin a ji an yi sauƙi.

Kafin shiga ruwa a tsuguna, a ja robar wuya da yatsa, iskar da ta yi yawa ta fita. Abokin nutso ya duba zif ya rufu har ƙarshe, domin rabin inci da ya rage ya isa ya cika riga da ruwa. Robar wuya in ta matse har fuska ta kumbura ko kai ya yi nauyi, tana danne jijiyoyin wuya ne, kuma tana iya sa suma. Ana rage ta zobe ɗaya bayan ɗaya da almakashi mai kaifi, a gwada bayan kowane yanka.

Kada a sa wannan riga a buɗaɗɗen ruwa ba tare da kwas ɗinta ba. Ƙungiyoyin horar da masu nutso, PADI, SSI da BSAC, duk suna koyar da ita, ana farawa a kwamin iyo, kuma yawancin shagunan Turai ba sa ba da hayarta sai sun ga shaidar horo.

Da riga zan daidaita kaina ko da falmaran?

Malamai sun rabu biyu. Wasu suna koyar da a yi da riga kaɗai a ƙarƙashin ruwa, don sabon shiga ya kula da kumfa ɗaya. Wasu suna cewa a sa wa riga iskar da za ta kawar da matsi kawai, sauran a falmaran. Mu muna tare da na biyu, domin falmaran ta fi saurin saki kuma iskarta ba ta gudu zuwa ƙafa. Amma ga wanda darmarsa ta yi daidai da tukunya ɗaya, bambancin kaɗan ne, don iskar da ake buƙata ba ta da yawa. Ƙananan gyare-gyare kuma aikin huhu ne. Dogon numfashi yana ɗaga mutum, fitar da shi yana sauke shi, sai dai akwai jinkirin daƙiƙa biyu ko uku. Mai gaggawa yakan danna maɓalli kafin huhun ya gama aikinsa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne riƙe numfashi yayin hawa, yana fasa huhu.

Idan iska ta gudu ƙafafuna na kife fa? Ko bawul ya maƙale?

Kifewa tana faruwa idan ƙafa ta fi kafaɗa tsayi kuma iskar riga ta yi yawa. Bawul ɗin saki yana kafaɗa, iskar tana ƙafa, ba hanyar fita, wani lokaci har filafilan ƙafa su fice. Da ka ji ƙafa ta fara sauƙi, ka yi iyo da ƙarfi zuwa ƙasa, ka naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ka yi alkafura gaba har kanka ya dawo sama, nan take ka ɗaga kafaɗar hagu ka saki. A maimaita wannan a kwamin iyo har jiki ya haddace shi, domin a mita 8 lokacin tunani ba shi da yawa.

Bawul ɗin hurawa yakan maƙale saboda gishiri, yashi ko ƙanƙara. Ka cire tiyon daga ƙirji da farko, kana sakin iska a lokaci guda. In hawan ya riga ya yi sauri, ka ja robar wuya ko ta hannu iskar ta fita. Ruwa zai shiga, za ka jiƙe, ba komai. Ka buɗe hannu da ƙafa don ruwa ya rage maka gudu, kana fitar da numfashi. Cire tiyo da safar milimita 5 ya fi yadda ake zato wuya, a gwada shi da safar da za a shiga da ita.

Me ake sawa a ƙarƙashinta?

Ban da auduga. Singileti da shadda suna shan gumi su riƙe shi a fata, su koma kamar jiƙaƙƙen tsumma. A sa siririn kaya mai janye gumi a jiki, na ulu ko na roba, sannan mai kauri a kai. Duk lokacin da aka sauya kayan ciki, a sake gwajin darma. Kaya mai santsin leda a waje yakan toshe bawul ɗin kafaɗa daga ciki, a duba wannan.

Me ke sa ragileta ta yi ƙanƙara alhali ruwan bai daskare ba?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci ya ji yadda iskar da ke fita daga taya take da sanyi. Iska tana yin sanyi idan ta faɗo daga babban matsi zuwa ƙarami. A matakin farko na ragileta, wanda ke kan tukunya, tana faɗowa daga bar 200 zuwa wajen bar 10, sai ƙarfen ya yi sanyi ƙasa da sifili. A ruwa mai ɗumi, ruwan da ke kewaye yana mayar masa da zafi. A ruwan digiri 5 ba shi da abin bayarwa, sai ƙanƙara ta taru ta riƙe bawul a buɗe, iska ta riƙa kwarara ba tsayawa. Kwararar tana ƙara sanyi, sanyin yana ƙara ƙanƙara, tukunya ta ƙare cikin 'yan mintuna. Ruwan daɗi ya fi saurin jawo wannan, don yana daskarewa a sifili, na teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifili.

A duba jikin ragileta. Wadda aka buga wa alamar ">10°C" ta ruwan ɗumi ce kawai. Ta sanyi an gwada ta a digiri 4, kuma an fi son wadda aka rufe matakinta na farko ruwa ba ya shiga. Sai halayen da ke kare ta. Kada a shaƙa ko a busa cikinta a tudu idan iskar waje tana kusa da daskarewa, a bari sai an nutsar da ita. Kada a danna maɓallin wanke ta ba dalili. Kada a ja numfashi ana hura falmaran ko riga a lokaci guda, a yi su ɗaya bayan ɗaya. A cika tukunya inda injinsu ke ba da busasshiyar iska, domin laima a cikin tukunya ƙanƙara ce ke jiran lokaci. Masu shiga ƙasa da digiri 8 da zurfi sukan ɗauki matakin farko guda biyu masu zaman kansu, ko ƙaramar tukunyar lita 3 a gefe, saboda mutum biyu suna shaƙa daga mataki ɗaya yana ninka kwarara, ita ce kuma ke kawo daskarewa.

In ta faru, ana iya shaƙa daga ragileta mai kwarara: kada ka rufe leɓe a kanta, ka karkatar da kai, ka riƙa kurɓar iskar kamar mai shan ruwa daga famfo mai ƙarfi. Ka yi wa abokinka alama, ku kama juna, ku fara hawa a natse. Nutson ya ƙare ke nan.

An cika min bar 200, da na shiga ruwa na ga 180. Yoyo ne?

Galibi ba yoyo ba ne. Matsin tukunya yana sauka da sanyi, wajen bar 2 a kowane digiri 3. Tukunyar da ta nuna 200 tana da zafin digiri 35 za ta nuna wajen 182 a ruwan digiri 8. A yi lissafi da abin da allura ta nuna bayan tukunyar ta huce. A kuma sa ran shan iska zai ƙaru. Mai shan lita 20 a minti a sama yana shan 60 a mita 20, wato lita 1,800 da ke tsakanin bar 200 da 50 a tukunyar lita 12 minti 30 ne kacal, kuma sanyi da nauyin kaya suna rage wannan. Batirin kwamfutar hannu da na tocila ma suna saurin mutuwa a sanyi.

Hula da safar hannu suna takura ni. Dole ne?

Dole ne. Hannu shi ne farkon abin da sanyi ke ƙwacewa, kuma da shi ake buɗe ɗamara, a danna bawul, a kama igiya. Safar milimita 5 ta saba, ƙasa da digiri 8 kuwa sai mai yatsu uku ta milimita 7 ko busasshiyar safa. Hula in ta manne a kan kunne tana hana matsi daidaituwa a wajen dodon kunne. Da an shiga ruwa a ja gefenta ruwa ya shiga kunnuwan biyu. Gefen gilashin fuska ya zauna a kan fata, a ƙarƙashin bakin hular. Masu gashin baki su rage layin da ke dab da hanci ko su shafa man silikon, gemu ba ya hana komai. 'Yan'uwa mata su yi kitso mai kwanciya, domin tulin gashi a ƙeya yana ɗage hula da igiyar gilashi.

Me ya sa numfashina ke sarƙewa da na faɗa ruwan?

Haka jikin kowa yake yi. Sanyi a fata yana sa zabura da haki da bugun zuciya, yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Ka shiga da falmaran a hure da ragileta a baki, ka jiƙa fuska, ka jira numfashi ya dawo daidai kafin ka sauka. Wanda ya sauka yana haki huhunsa a cike yake, ba zai nutse ba, sai ya ɗauka darma ce ta yi kaɗan. Yawancin darmar banza daga nan take samo asali.

A ƙasa kuma, kyarmar da ba ta tsayawa, ko yatsun da suka kasa haɗuwa da babban yatsa, ko tunani da ya fara nauyi, alamar fita ce. Ba a jarumta da sanyi. Mayen naitirojin ma, wato gushewar hankali da naitirojin na iskar tukunya ke jawowa a zurfi, ya fi saurin kama mutum a ruwa mai sanyi da duhu.

Sanyi yana ƙara haɗarin ciwon kumfar jini?

Yana ƙarawa. Ciwon yana zuwa ne idan naitirojin da jiki ya ɗiba a zurfi ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi yayin hawa ko bayan fita. Jiki mai sanyi yana tsuke jijiyoyin fata da gaɓoɓi, naitirojin da ya shiga ya yi jinkirin fita. Mafi muni shi ne mutum ya kasance da ɗumi a zurfi, inda yake ɗibar naitirojin, sannan ya yi sanyi lokacin hawa, kamar yadda gwajin sojojin ruwan Amurka na 2007 ya nuna. Jadawalin PADI ya ce a ruwan sanyi a lissafa nutso kamar ya fi zurfinsa da mita 4. Yawancin kwamfutocin hannu ba su san yadda jikinka ya yi sanyi ba, sai ka matsar da saitinsu zuwa mafi taka-tsantsan. A hau da gudun mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Bayan fita a sauya kaya, a sha abu mai ɗumi, a jinkirta wanka da ruwan zafi da ɗaukar kaya masu nauyi. Mai dawowa Kano ta jirgi ya bar aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa.

Fitsari yana damuna a ruwa. In rage shan ruwa? Azumi fa?

Kada ka rage. Sanyi da matsin ruwa suna tura jini zuwa ƙirji, ƙoda ta ɗauka ruwa ya yi yawa ta fara zubarwa. Mutum yana fita da ƙarancin ruwa ko bai ji ƙishi ba, ga iskar tukunya busasshiya. A kama ruwa dab da sa riga, a tanadi kayan sauyawa da ruwan tsarki saboda salla. Nutson nishaɗi a ruwan sanyi da azumi a baki ba ma ba da shawararsa: babu ruwa a jiki, babu abincin da zai ƙona ya yi ɗumi.

Mai sikila zai iya?

Mai ciwon sikila kada ya yi nutso da tukunya, a ruwan ɗumi ma, balle na sanyi, wanda shi kansa yana tayar da ciwon. Mai AS, da mai asma, hawan jini, ciwon zuciya ko farfaɗiya, ya ga likitan da ya san harkar nutso kafin ya biya kuɗin kwas. Wanda bai san ko yana ɗauke da sikila ba ya yi gwaji tun a gida.

Za a iya yin atisaye a nan Kano?

Kwamin iyo mai zurfin mita 2 zuwa 3 ya isa a koyi gwajin darma, tsayawa cak da numfashi, cire tiyo da safa, da alkafurar busasshiyar riga, muddin akwai malami a wurin. A kula da zafi: mutum sanye da milimita 7 a ranar Afrilu yana iya galabaita kafin ya taɓa ruwa, don haka a sa riga a inuwa, a ƙarshe.

Madatsun ruwa kamar Tiga, da aka gama a 1974, da Challawa ta Ƙaraye, wani abu ne daban. Kano tana sama da mita 400 daga matakin teku, kuma daga mita 300 ƙa'idar nutson tudu ke farawa, sai a saita kwamfuta a kan tudu da ruwan daɗi. Ruwan gurɓatacce ne, sau da yawa ba a ganin tafin hannu, ga ragar masunta da kututturan itatuwa a ƙasa, don haka wuƙa ko almakashi da igiya zuwa sama wajibi ne. Kada a kusanci bakin bututu ko ƙofar sakin ruwa, jan da ke wurin ya fi ƙarfin kowane mai iyo. Akwai kuma tsargiya a ruwayen yankin. Da hunturu, sanyin da ya fi cutarwa yana zuwa ne bayan fita: busasshiyar iska tana busa jiƙaƙƙiyar riga ta sanyaya mutum kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A tuɓe nan da nan ko a rufa da abin da iska ba ta ratsawa.

Yaya zan ajiye kayan a zafin Kano kada su lalace?

A wanke da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, ciki da waje. Rana, zafin but ɗin mota, man fetur, turare da man shafawa duk suna cinye robar wuya da ta hannu har ta yi danƙo ta tsage. Kada a ajiye riga a ɗakin janareta ko kusa da injin lantarki. A barbaɗa wa robobin hoda marar ƙamshi, a sa rigar a jaka a ɗaki mafi sanyi a gidan. Zif na ƙarfe ana goga masa kakin zuma a haƙoran waje, a ajiye shi a buɗe ba tare da lanƙwasa shi ba, na roba kuwa a rufe ake ajiye shi. Niyofirin a rataye ta a faffaɗan maratayi, domin inda aka ninke ta kumfan wurin sun mutu ke nan. Ƙurar hunturu tana shiga bawul, saboda haka a mayar da murfin matakin farko a bushe, a rufe ragileta a jakarta. Kayan da suka yi wata shida a ajiye, a kai ragileta wurin mai gyaran da kamfaninta ya amince da shi, a hura falmaran a bar ta kwana a ga ko ta sace, sannan a gwada komai a kwamin iyo kafin a sa shi a akwatin tafiya.